Ɗaurewar Tsokar Ƙafa: Laifin Jini Ne ko na Jijiya?

Tsakure

Wannan takarda ta duba ɗaurewar tsokar ƙafa, wadda ke tayar da mutum daga barci da kuma wadda ke kama mai aikin ƙarfi ko ɗan wasa yana tsakiyar aiki. Matsayin da ta ɗauka shi ne, a mafi yawan lokuta matsalar daga jijiyoyin motsi take tasowa, jinin mai ciwon kuwa lafiyarsa ƙalau, saboda haka dogaro da ƙwayoyin cike giɓin sinadari da kuma kwinin ba shi da madogara mai ƙarfi. Takardar ta ware yanayin da asarar gishiri da ruwa ke zama sanadi na gaskiya, ta auna shaidar da ake da ita a kan magungunan da aka saba bayarwa, sannan ta nuna abin da ya kamata ma'aikacin lafiya ya bincika kafin ya ɗauki biro.

Gabatarwa

Kusan kowa ya taɓa ɗanɗana ɗaurewar ƙafa, amma ba kasafai ake kawo ta gaban likita ita kaɗai ba. Yawanci sai an gama maganar hawan jini ko ciwon suga, majiyyaci ya miƙe zai fita, sannan ya waiwayo ya ce, "Af, likita, ƙafata ma tana ɗaurewa da dare." Abin da yake nufi shi ne tsoka, galibi ta sha-raɓa ko ta tafin ƙafa, takan murɗe farat ɗaya ba da nufinsa ba, ta yi tauri har a iya jin ƙullutunta da hannu, da zafi mai ratsa kai, ta ɗauki 'yan sakan ko 'yan mintoci kafin ta saki. Tsamin wurin kan kai washegari. Wata bita da mujallar likitocin iyali ta Amurka ta buga a 2012 ta nuna cewa har kashi 60 cikin 100 na manya sun taɓa fama da ita cikin dare. Tana ƙaruwa da shekaru, domin kusan ɗaya cikin uku na waɗanda suka haura 60 na kuka da ita, haka kuma tana damun mata masu juna biyu, musamman a watanni ukun ƙarshe. Ba ta kisa, amma tana hana barci, kuma tsohon da bai samu barci ba shi ne ke faɗuwa a hanyar masallaci da asuba.

Amsar da majiyyacin nan zai samu, a asibiti ne ko a kemis, kusan iri ɗaya ce: jikinka ya rasa wani abu. Wani zai ce ruwa, wani gishiri, wani fotasiyam ya ce a ci ayaba, wani kalsiyam ko magniziyam. Wannan bayani yana da daɗin ji, domin ya zo da maganinsa a hannu, abin da ya ɓace sai a mayar. Matsalar ita ce shaidar da aka tara cikin shekaru talatin da suka wuce ba ta goyi bayansa ba sai a 'yan wurare, kuma waɗannan wuraren ana iya gane su da tambaya kawai.

Inda ɗaurewar take tasowa

Tsoka ba ta motsi da ra'ayin kanta. Umarni take jira daga jijiyoyin motsi da ke fitowa daga laka. Idan aka sa na'urar auna lantarkin tsoka a kan sha-raɓar da ta ɗaure, abin da ake gani shi ne ruwan saƙonni daga waɗannan jijiyoyi, wani lokaci har 150 a sakan ɗaya, wanda ya ninka abin da ake samu a motsin yau da kullum sau da yawa. Ke nan tsokar biyayya take yi, jijiya ce ta ƙi yin shiru. Marco Minetto na Turin a Italiya da abokan aikinsa sun ƙara haske a kan wannan a 2011. Sun riƙa tayar da ɗaurewa da gangan a tsokar babban yatsan ƙafa ta hanyar ɗan lantarki, sannan suka yi wa jijiyar allurar kashe zafi a wuyan ƙafa don yanke hulɗarta da laka. Bayan haka sai ɗaurewar ta yi wuyar tayarwa, idan ma ta tashi ba ta daɗewa. Wannan ya nuna cewa laka na da hannu wajen rura ta da kuma riƙe ta.

Bayanin da ya fi dacewa da wannan shi ne wanda Martin Schwellnus da abokansa na Jami'ar Cape Town suka gabatar a 1997. A jikin kowace tsoka akwai ƙananan na'urorin ji iri biyu da ke kai rahoto ga laka. Na farko suna kwance cikin naman tsokar, aikinsu zuga jijiyar motsi ta ƙara ja. Na biyu suna mahaɗar tsoka da agara, kuma idan suka ji jan ya yi yawa sai su tsawata wa jijiyar ta sassauta. Na farko ƙaimi ne, na biyu linzami. Idan tsoka ta gaji, zugar kan ƙaru, tsawatarwar ta ragu, idan kuma tsokar tana takure, agara ta yi sako-sako, to linzamin ya kuɓuce gaba ɗaya. Da wannan bayani guda ana iya fahimtar abubuwa da dama da batun ƙarancin sinadari ya kasa warwarewa. Jini ɗaya ne ke zagaya jiki duka, amma ɗaurewar ba ta kama hannun mai gudu, ƙafar da ta yi aikin take kamawa. Da dare kuma, mai kwanciya yakan miƙar da yatsun ƙafarsa ƙasa, ko bargo mai nauyi ya danne su, sha-raɓa ta takure, wanda shi ne ainihin yanayin da ɗaurewa ke so. Babbar hujja kuwa ita ce wadda kowane mai ciwon ya sani da kansa: da zarar ya tanƙwaro yatsun ƙafarsa wajen ƙwauri ko ya sauko ya taka ƙasa, sai ta saki cikin 'yan sakan. Miƙe tsoka bai ƙara wa jini ko ɗigon gishiri ba. Agara ya ja, ita kuma ta aika wa laka saƙon tsayawa.

Tsufa ma ya shiga wannan lissafi ba tare da an tilasta shi ba. Bayan shekara 60 jijiyoyin motsi na raguwa, waɗanda suka rage su ɗauki nauyin zaren tsokar da suka zama marayu, agara kuma ta ƙara gajarta da tauri saboda raguwar zirga-zirga. Akwai kuma wani abin mamaki da Scott Garrison da abokansa suka gano a Kanada a 2015: yawan sababbin takardun kwinin da likitoci ke rubutawa don ɗaurewar dare kan kusan ninka tsakanin tsakiyar hunturu da tsakiyar bazara, kuma yawan binciken matsalar a intanet a Ostireliya ya bi irin wannan zagaye a watannin da suka dace da tasu bazarar. Mai ra'ayin gishiri zai ce ai gumi ne. Wataƙila da gaskiyarsa a wani ɓangare, amma bazara lokaci ne da mutane ke ƙara tafiya da aiki, don haka gajiyar tsoka ma na iya bayyana shi. Wannan shaida ba ta raba gardama, sai dai ta tuna mana cewa yanayi na da tasiri.

Gwajin da ya fi kai tsaye an yi shi a filin gasa. Schwellnus ya auna jinin masu tseren Two Oceans mai kilomita 56 a Cape Town, kafin gudu da bayansa, ya buga sakamakon a 2004. Babu wani bambanci mai ma'ana a asibitance tsakanin waɗanda ƙafarsu ta ɗaure da waɗanda ba ta ɗaure ba, a gishirin jini ko a yawan ruwan da suka rasa. A 2011 ya bi 'yan gasar Ironman su 210, ya tarar abin da ke hasashen ɗaurewa shi ne gudu fiye da ƙarfin da mutum ya saba da kuma tarihin ɗaurewa a baya. A Amurka kuma Kevin Miller ya yi wani gwaji a 2010 da ya jawo ka-ce-na-ce. Ya tayar da ɗaurewa a ƙafar samari da suka yi gumi, ya ba su ɗan kurɓin ruwan tsamin da ake jiƙa kokwamba a ciki, wanda ruwan khal ne da gishiri. Ɗaurewar ta saki cikin kimanin sakan 85, da sauri fiye da idan ruwa zalla aka sha. A cikin wannan ɗan lokaci abin da aka sha bai ma bar ciki ba, balle ya kai jini. Fassarar da ta rage ita ce tsamin ya taɓa jijiyoyin baki da maƙogwaro, su kuma suka aika saƙon da ya kwantar da jijiyar motsi. Abin da ake ɗauka shaida ce ga masu ra'ayin gishiri, da aka duba agogo sai ya koma shaida a kansu.

Inda gishiri yake da gaskiya

Za a iya ƙalubalantar duk wannan da tarihi, kuma ƙalubale ne mai nauyi. A 1923 K. N. Moss ya rubuta a kan mahaƙa kwal a Ingila da ke aiki a ramuka masu zafi, suna zubar da gumi lita-lita, suna kwankwaɗar ruwa zalla, sai ɗaurewa mai tsanani ta kama su. An san irin wannan ga masu zuba kwal a tukunyar jiragen ruwa. A farkon shekarun 1930 John Talbott ya ga haka a wurin gina madatsar ruwan Hoover a hamadar Amurka, ya auna jinin ma'aikatan ya tarar gishirinsu ya yi ƙasa, ruwan gishiri kuma ya warkar da su. Daga baya sanya ɗan gishiri a ruwan shan ma'aikatan masana'antun ƙarfe ya rage matsalar sosai. Ko a 2019 wani gwaji a Ostireliya ya nuna cewa shan ruwa zalla bayan gumi mai yawa na sa tsoka ta fi saurin ɗaurewa, shan ruwan gishiri da sukari kuwa na hana hakan.

Wannan takarda ba ta musanta ko ɗaya daga cikin waɗannan ba. Abin da take cewa shi ne wannan wani ciwo ne daban da wanda ke tayar da tsohuwa ƙarfe uku na dare. Ɗaurewar mahaƙa takan kama gaɓoɓi da yawa, hannu da ciki da ƙafa, tana yawo daga wannan tsoka zuwa waccan, kuma tana zuwa ne bayan awanni na gumi. Ita ma a ƙarshe ta hanyar jijiya take aiki, domin sauyin gishiri a ruwan da ke kewaye da jijiya na sa ta saurin fusata. A ƙasar Hausa wannan nau'i na nan da ransa. A watan Afrilu zafin Sakkwato da Maiduguri da Damagaram kan haura digiri 40, kuma a cikinsa ɗan garuwa da ɗan dako da mai gidan burodi da lebura a wurin gini ke aiki. Idan azumi ya faɗo a irin wannan lokaci, mutum ya yini yana gumi, ya sha ruwa kofi bayan kofi da magariba kafin ya ci wani abu mai gishiri, ya haɗa duk sharuɗɗan da Moss ya bayyana. Haka nan mai amai da gudawa. Ɗaurewar ƙafa na cikin sanannun alamomin kwalara, kuma a annobar 2021 da ta kama fiye da mutum 100,000 a Nijeriya, jihohin Bauchi da Kano da Jigawa na cikin waɗanda suka fi shan wahala. Ga irin waɗannan mutane magani shi ne ruwan gishiri da sukari, wanda haɗin Hukumar Lafiya ta Duniya na 2002 ke ɗauke da giram 2.6 na gishiri da giram 13.5 na gulukos a lita ɗaya, ko kuma ƙarin ruwa ta jijiya idan abin ya yi tsanani. Masu wankin ƙoda ma na cikin wannan rukuni, domin cire ruwa da sauri a kan na'ura na jawo musu ɗaurewa, gyaran kuma a kan na'urar ake yin sa.

Haɗarin yana wajen ɗaukar darasin ɗan garuwa a ɗora wa kowa. Wanda ya fi kawo ƙarar ɗaurewar dare dattijo ne, kuma sau da yawa yana da hawan jini. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada gishirin da baligi ke ci ya kai giram 5 a rana, miyar da aka zuba wa dunƙule uku da gishiri kuwa ta riga ta kai shi kusa da can. A ce masa ya ƙara gishiri saboda ƙafarsa, an cutar da shi ba tare da an taɓa ciwon da ya kawo ba. Masu tunanin kanwa za ta cike giɓin fotasiyam su ma su sani cewa mafi yawan abin da ke cikinta sodiyam ne. Tun 1978 Davidson da Parry suka danganta yawan ciwon zuciyar bayan haihuwa a Zariya da kunun kanwa da wankan jego mai zafi, darasin da ya isa ya sa a yi hattara da ɗura wa jiki gishiri da sunan magani.

Ƙwayoyi

Magniziyam ya fi kowane sinadari kasuwa a wannan fanni, kuma an gwada shi yadda ya kamata. Bitar ƙungiyar Cochrane ta 2020 ta tattara gwaje-gwaje 11 da suka ƙunshi mutum 735, ta yanke cewa da wuya ya amfani tsofaffi masu ɗaurewar dare, a kan masu juna biyu kuma sakamakon ya saɓa wa juna. Gwajin da aka yi a Isra'ila aka buga a 2017 ya fi koyar da darasi. An raba mutum 94 gida biyu, wasu aka ba su magniziyam, wasu ƙwayar wofi wadda babu magani a cikinta. Ɗaurewar ta ragu sosai a ɓangarorin biyu, kusan daidai wa daida. A nan amsar masu cewa "ai na sha kuma na ga aiki" take. Ba ƙarya suke yi ba, sun ga sauƙi. Sai dai ɗaurewa ciwo ne mai zuwa yayi-yayi, mutum kan nemi magani ne a makon da ta fi tsananta, daga ƙololuwa kuma ba inda za a nufa sai gangara, ko an sha ƙwaya ko ba a sha ba. Ga mai lafiyar ƙoda, illar magniziyam ba ta wuce gudawa da asarar kuɗi ba, amma ga wanda ƙodarsa ta raunana yana iya taruwa a jini. A 2024 an buga wani gwaji daga ƙasar Sin a kan mutum 199 masu shekara 65 zuwa sama, wanda ya nuna bitamin K2 ya rage yawan ɗaurewa cikin mako 8. Sakamako ne mai jan hankali, amma gwaji ɗaya ne, kuma bitamin K na karya aikin warfarin ga masu shan maganin tsinka jini.

Kwinin labarinsa daban ne, domin shi yana aiki. Tun 1940 wani Moss na daban da Herrmann suka ba da rahoton amfaninsa a Amurka, kuma yadda yake aiki ya ma dace da matsayin wannan takarda, tunda rage kaifin saƙo yake yi a mahaɗar jijiya da tsoka, ba ya cike giɓin komai. Bitar Cochrane ta 2015, mai gwaje-gwaje 23 da mutum 1,586, ta samu cewa yana rage yawan ɗaurewa da kashi 28 cikin 100 a mako biyu, zafinta kuma da kashi 10. Wato mai ɗaurewa sau goma zai koma kamar sau bakwai. Sai a ɗora wannan riba a sikeli da farashinta. Kwinin na iya sa garkuwar jiki ta farfasa ƙwayoyin da ke tsayar da zubar jini, kwatsam, ko da bayan 'yan ƙwayoyi kaɗan ne ko ƙwaya ɗaya ga wanda jikinsa ya taɓa haɗuwa da shi. Yana iya rikita bugun zuciya, ya saukar da sukarin jini, ya kawo ƙugin kunne da kurumta, idan ya yi yawa kuma ya makantar. Hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta hana sayar da shi barkatai don ɗaurewar ƙafa a 1994, a 2006 kuma ta bayyana cewa tun 1969 ta karɓi rahotanni 665 na mummunar illa, 93 daga cikinsu mutuwa ce. Takwararta ta Birtaniya ta ce a 2010 kada a mai da shi maganin yau da kullum, sai an rasa mafita, a gwada na mako 4, a daina idan babu sauƙi. Shan irin wannan ƙwaya kowane dare saboda ciwon da ba ya kisa, garin gyaran gira ne a rasa ido.

A wurinmu akwai ƙarin dalilai. Kwinin ba baƙo ba ne, maganin zazzaɓin cizon sauro ne da aka daɗe da sani, yana kan kanta a shagunan magani da yawa, kuma ba kowane shago ke neman takardar likita ba. Ƙarancin sinadarin G6PD, wanda ke sa wasu magunguna su fasa jajayen ƙwayoyin jini, ya yawaita tsakanin mazan Afirka ta Yamma, mafi yawansu kuma ba su san suna da shi ba. Mai juna biyu, wadda ita ce ta fi kuka da ɗaurewa bayan tsofaffi, ita ce kuma kwinin ya fi saurin saukar wa da sukari. Gwajin ƙwayoyin jini da hoton bugun zuciya da ake buƙata don sa ido a kan mai shan sa ba su samuwa a yawancin ƙananan asibitocin karkara. Sharaɗin da Birtaniya ta gindaya don barin ƙofa a ɗan buɗe, mu ba mu da hanyar cika shi a wurare da dama, don haka a ganin wannan takarda ƙofar ta zauna a rufe ya fi.

Abin da ya rage a hannu

Idan ɗaurewa ta kama, ba gardama a kan abin yi: a miƙe gwiwa, a jawo yatsun ƙafa wajen ƙwauri, a riƙe har ta saki, ko a tashi a taka, a murza wurin. Gardamar tana kan rigakafi, kuma adalci ya sa a auna miƙe tsoka da sikelin da aka auna ƙwayoyi. A 2005 Coppin da abokansa a Ingila sun gwada miƙe sha-raɓa a kan mutum 191 masu shan kwinin, ba su ga ya rage ɗaurewa ba, kodayake sun gano wani abu mai amfani, cewa da yawa sun bar kwinin ba tare da ciwon ya ƙaru ba. A 2012 Hallegraeff da abokansa a Holan suka raba mutum 80 da suka haura shekara 55 gida biyu. Waɗanda suka riƙa miƙe sha-raɓa da tsokar bayan cinya dab da kwanciya na mako 6 sun samu ragin fiye da ɗaurewa ɗaya a kowane dare idan aka kwatanta da sauran, zafinta ma ya ragu. Bambancin gwajin biyu na iya zama lokacin yin motsin da kuma haɗawa da cinya. Shaidar ba ta da ƙarfi, wannan gaskiya ne, kuma a gwajin Holan ɗaya ɓangaren ba a ba su komai ba, don haka tasirin sa rai na iya shiga. Amma ƙarfin shaidar da ake nema kafin a ba da shawara ya danganta da abin da za a rasa idan shawarar ta zama kuskure. Wanda ya dafa bango, ya ja ƙafa ɗaya baya, dunduniya a ƙasa, ya karkata gaba na sakan goma sau uku kafin barci, idan bai amfana ba ɗan lokaci kawai ya yi asara. A ƙara da sassauta bargo a wajen ƙafa, ga ɗan wasa kuma horo sannu a hankali da guje wa gudun da ya fi ƙarfinsa.

Aikin da ya fi wannan muhimmanci, wanda kuma aka fi tsallakewa, shi ne duba ledar magungunan majiyyaci. Garrison ya bi bayanan takardun magani na lardin British Columbia, ya buga a 2012 cewa mutane sun fi fara neman maganin ɗaurewa bayan an ɗora su a kan abin shaƙa mai dogon aiki na masu asma, ko magungunan sa fitsari, musamman masu riƙe fotasiyam da dangin tayazayid. Alaƙar da magungunan rage kitsen jini ta kasance mai rauni fiye da yadda ake zato. Abin lura a nan shi ne maganin da ke riƙe fotasiyam a jiki bai gaza wanda ke zubar da shi wajen jawo ɗaurewa ba, wanda ya ƙara raunana batun ayaba. Wannan ya shafe mu kai tsaye, domin haɗin amilorayid da haidirokolorotayazayid, wanda aka fi sani da Moduretic, na cikin magungunan hawan jini da aka daɗe ana rubutawa a Nijeriya, kuma ya haɗa nau'o'in biyu a ƙwaya ɗaya. Ba a cewa majiyyaci ya ajiye maganin hawan jini da kansa, shanyewar ɓarin jiki ta fi ɗaurewar ƙafa nesa ba kusa ba. Likita ne zai duba ko a rage, ko a canza zuwa wani nau'in, ya kuma auna gishirin jini, domin a nan gwajin yana da dalili.

Ƙalubale na ƙarshe shi ne, idan aka ce jinin mafi yawan masu ɗaurewa lafiya yake, kada a wayi gari an sallami mai babban ciwo da shawarar dafa bango. Tsoron na da tushe, amma abin da ke kare shi tambaya ce da duba ƙafa, jerin gwaje-gwaje ba ya yin wannan aikin. Ciwon sha-raɓa da ke zuwa idan an yi tafiya ya lafa idan an tsaya alama ce ta toshewar jijiyar jini, musamman ga mai shan taba ko mai ciwon suga, a taɓa bugun jini a ƙafar. Ƙafa ɗaya da ta kumbura, ta yi zafi, ciwon bai saki ba, ana zargin gudan jini ne, kuma ga mai juna biyu ko mai jego ko wanda ya yi doguwar tafiya a zaune wannan na gaggawa ne, murza ta ma haɗari ne. Zugi da mijiriya da mutuwar tafin ƙafa na nuna lalacewar jijiya, daga suga, ko ƙarancin bitamin B12 ga wanda ya daɗe yana shan metfomin, ko maganin tarin fuka na aisonayazid idan ba a haɗa shi da bitamin B6 ba. Ƙaiƙayin son motsa ƙafa da dare ba tare da tsoka ta yi tauri ba wani ciwo ne daban da ke da alaƙa da ƙarancin sinadarin ƙarfe. Mai sikila ciwonsa a ƙashi yake, ba ya sakin minti biyar. Ɗaurewar da ta zo da ramewar tsoka da rauni da ɓalli-ɓalli a ƙarƙashin fata tana buƙatar likitan jijiyoyi. Mai ciwon hanta da ya yi nisa, da mai ciwon ƙoda, ɗaurewa na cikin abin da ya fi damunsu, kuma ba kasafai ake tambayarsu ba. Wanda babu ko ɗaya daga cikin waɗannan a tare da shi, a nuna masa yadda ake miƙe tsokar, a sa shi ya riƙa yin alama a takarda duk daren da ta kama shi, ya dawo bayan mako 4 da takardar da ledar magungunansa. Idan ba ta ragu ba, ko ta fara kama hannu da ciki, a nan ne za a tura shi inda ake auna sukari, aikin ƙoda da hanta, kalsiyam da kuma tayirod.